Wurin zaman ɗalibai a inuwar bishiya: amsa ga malamin 'yan sikawut

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina kuma kula da 'yan sikawut kimanin ashirin, masu shekara 13 zuwa 17. Sun kawo shawarar su yi wa wata firamare ta unguwarsu wurin zama a ƙarƙashin bishiya, saboda ajujuwa sun yi kaɗan, wasu yaran a ƙasa suke ɗaukar darasi. Ta ina za mu fara, da me za mu gina, kuma anya yara za su iya?

Malam, Allah ya saka da alheri, ya yi wa yaran nan albarka. Za su iya. Na daɗe ina koyar da gini, na kuma riƙe 'yan sikawut, kuma abin da ido ya nuna mini shi ne, irin wannan aiki tun kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya ake gane zai yi kyau ko ba zai yi ba. Makonni biyu ko uku na farko, waɗanda ba a taɓa shebur a cikinsu, su ne ke ɗauke da nauyin aikin. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Ka fara da tsayar da wanda zai ja ragama, kuma kada ya zama kai. Na san da wuya, domin malami ya saba shi ke tsara komai. Amma sikawut tun asalinsa, daga sansanin da Baden-Powell, wanda ya kafa shi, ya yi da yara a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, a kan ƙananan rukunoni aka gina shi, a kowane rukuni ɗaya daga cikin yaran ne shugaba. Haka tsarin ya iso Najeriya a 1915. A Amurka ma, inda yi wa makaranta benci na waje ya zama ruwan dare a ayyukan 'yan sikawut, abin yana da ƙa'ida a rubuce. Yaron da ke neman lambar Eagle Scout, wadda ita ce mafi girma a wurinsu, dole ne kafin ya cika shekara 18 ya tsara wani aikin taimako, ya kuma jagoranci wasu su yi shi. Aikin sai ya amfani makaranta ko wurin ibada ko al'umma, ba ƙungiyar sikawut ɗin kanta ba. Kafin ya fara sai masu wurin da shugabanninsa sun sa hannu a takardar shirinsa. Ba su ƙayyade masa yawan awoyin aiki ba, abin da suke dubawa shi ne ko shi ne ya shirya, shi ne ya raba aiki, shi ne ya warware matsala da ta taso. Tara kuɗi kawai ba ya zama aiki a wurinsu, haka ma shara da yankan ciyawa na yau da kullum.

Ba sai kun kwafi takardunsu ba, amma wannan ƙa'idar ta cancanci a ɗauka, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aikin gayya ai da sarkin samari ake shirya shi, dattawa su sa albarka su koma gefe. Ka bar yaran su zaɓi ɗaya mai shekara 16 ko 17 ya zama shugaban aiki, wani ya riƙe littafin kuɗi, wani ya kula da kayan aiki ya ƙirga su safe da yamma, wani ya ɗauki nauyin ruwa. Naka shi ne ka tsare lafiyarsu, ka buɗe musu ƙofar da yaro ba zai iya buɗewa ba, ka kuma yi haƙuri idan ka ga suna jan ƙafa a abin da kai za ka gama cikin minti biyar.

Sai izini. Filin firamare na gwamnati ne, ba na hedimasta ba. Yaran su je su gaida hedimasta, su faɗi abin da ke ransu, su tambaye shi ko yana so, kuma a ina. Su tambayi malaman da ke koyarwa a waje, domin su ne suka san bishiyar da yara ke taruwa a gindinta da wadda suke gudu. Daga nan a sa kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, a cikin maganar, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma takarda ta hannun hedimasta, a sanar da mai unguwa. Ku karɓi amsa a rubuce ko da layi uku ce. Na taɓa ganin wurin zama mai kyau da aka fasa da diga bai shekara ba, saboda daidai nan hukuma ta riga ta tsara gina sabbin ajujuwa, kuma ba wanda ya tambaya. A cikin takardar ku rubuta ƙarara cewa wannan wuri ƙari ne, ba madadin ajin da makarantar ke jira ba. Wannan jimla tana da muhimmanci a gare ni ƙwarai, domin ba na so ƙoƙarin yara ya zama hujjar da wani zai ce ai an magance matsalar.

Yanzu ga inuwa, wadda ita ce rufin ajin naku. Yawancin mutane da yamma suke zuwa duba wuri, bayan an tashi, su ga inuwa ta kwanta lif a gabas da bishiya, su ce nan ya yi. Alhali karatu da safe ake yi, lokacin da inuwa take yamma da gindin bishiyar. Kuma tana canja wuri da lokacin shekara. A yankin Kano, wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta rana tana bi ta tsakar ka sosai, inuwa ta tattaru a ƙarƙashin rassa. A Disamba kuwa rana tana karkata kudu da kusan digiri 35, har bishiya mai tsayin mita 10 ta jefa inuwar ƙololuwarta kimanin mita 7 arewa da gindinta da tsakar rana. Idan ka haɗa waɗannan za ka ga ɓangaren yamma da arewa maso yamma na bishiya ne ya fi samun inuwa a lokutan karatu duk shekara.

Kada yaran su yarda da maganata haka kawai. Ka ba su turaku da igiya da toka, su je ranar da ake karatu, su zana gefen inuwar a ƙasa da ƙarfe takwas, da goma, da sha biyu, da ɗaya. Inda zanen huɗun suka haɗu, nan ne ajin. Su maimaita wata rana, su zana a takarda. Yaron da ya yi wannan ya koyi labarin ƙasa fiye da wanda ya haddace shi, kuma daga ranar ba zai ƙara kallon inuwa yadda ya saba ba.

Ɗalibai su fuskanci yamma, su juya wa gabas baya. Da haka hasken safiya ba ya shiga idonsu, iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas da ƙurarta a ƙeya za ta same su, haka ma iskar da ke gaban hadari, wadda galibi daga gabas take zuwa mana. Ku nisanci banɗaki, da bakin titi, da filin ƙwallo, da tagar wani aji, domin malamai biyu suna ɗaga murya kusa da juna ba wanda zai ji wani. Ku tambayi maigadi inda ruwa yake kwanciya da damina, ya fi kowa sani.

Ita kanta bishiyar a dube ta. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, ita ce ta fi yawa a makarantunmu, kuma ta dace, domin ba ta tsiraita a bazara lokacin da aka fi buƙatarta. Maɗaci da tsamiya da ceɗiya duk suna da inuwa mai kyau, sai dai ceɗiya da durumi suna tara tsuntsaye da jemagu idan suka yi 'ya'ya, kullum sai an wanke wurin zama. Mangwaro zai sa yara jifa a kan 'yan'uwansu. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, ga ƙaya. Ku ɗaga kai ku duba busasshen reshe, da kogo, da amyar zuma ko gidan rina. Duk reshen da ya mutu a sa babba wanda ya iya hawa ya sare shi kafin a fara komai. Ban yarda a sa yaro ya hau ba, komai iyawarsa.

Awo na biyu shi ne na ƙafar yaro. Mai gini idan ka bar shi zai yi maka benci daidai zamansa, santimita 45 ko fiye, sai ka ga ɗan aji biyu yana lilo da ƙafa, bayan minti ashirin cinyarsa ta yi sanyi ya fara mutsu-mutsu, malami ya ce ba ya ji. Yaranku su nemi izini su auna ɗaliban da za su zauna a wurin: yaro ya zauna, tafin ƙafarsa a ƙasa, a auna daga diddige zuwa bayan gwiwa. 'Yan mata malama ce za ta auna su. Za ku samu yawanci tsakanin santimita 30 da 38. Ma'aunin kujerun makaranta da ake amfani da shi a Turai ma haka yake: santimita 31 ga yaro mai tsayin kusan 108 zuwa 121, sai 35 ga mai 119 zuwa 142, sai 38 ga mai 133 zuwa 159. Idan kuna shakka ku karkata ga gajere, domin dogo yana iya zama a gajeren benci ya miƙe ƙafa, gajere kuwa ba shi da dabara a dogon benci. Kowane yaro a ba shi faɗin santimita 40.

To da me za a gina? Katako shi ne abin da zai fara zuwa wa kowa, kuma shi ne zan fara cirewa. Farin katakon da ake samu da araha a kasuwa abincin gara ne, idan ƙafarsa ta taɓa ƙasa damina ɗaya ta ishe shi. Wanda gara ba ta iyawa da shi, irin su kirya da azarar giginya, ya yi tsada, kuma ba zan so a sare kirya don a zauna a inuwar darbejiya ba. Masu shafa wa katako baƙin mai suna rage ɓarnar gara, amma wannan mai dafi ne, bai kamata ya taɓa fatar yaro da rigarsa ba. Sannan duk abin da mutum biyu za su iya ɗagawa, a makarantar da ba katanga, wata rana za a wayi gari babu shi. Ƙarfe yana ƙuna da rana, yana tsatsa, masu jari-bola kuma suna sonsa, ga shi walda ba aikin yara ba ce. Tsofaffin tayoyi suna tara ruwa su haifi sauro, maciji ma yana son cikinsu. Kututture yana da kyau idan iska ta riga ta kayar da wata bishiya a kusa, a yanka shi gunduwa-gunduwa, amma na ɗan lokaci ne.

Abin da nake ba da shawara shi ne dakali, irin na ƙofar gida, amma na bulo da kankare, gajere, cikakke babu rami a ƙarƙashinsa. Ba ya buƙatar rodi, ba a ɗaga wani abu mai nauyi, kunama da shara ba su da wurin ɓuya, kuma kusan kowane mataki na aikinsa yaro ɗan shekara 14 zai iya idan aka nuna masa. Ku yi guda shida, kowanne tsawon mita 2.4, yara shida-shida, jimla 36. Wannan ya yi kusan daidai da abin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada na malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Na san ajin da kuke magana ya ninka haka. Duk da haka ku tsaya a shida, ku gama su tsaf. Ƙari yana da sauƙi baɗi, amma dakali goma sha biyu da aka bari ba yaɓe abin kunya ne da yaran za su riƙa wucewa ta gabansa kullum.

A jera su sahu uku, biyu-biyu, da hanya a tsakiya mai faɗin mita ɗaya, kowane dakali a ɗan karkato da shi ya dubi allo. Hanyar tsakiya tana ba malami damar isa ga kowa, tana kuma raba maza da mata kamar yadda makarantu da yawa suke so. Tsakanin sahu da sahu a bar santimita 70. Daga allo zuwa sahun farko mita biyu da rabi, sahun ƙarshe kuma kada ya wuce mita 7, domin a fili babu bangon da zai dawo da murya. A gefen sahun gaba ku bar fili shimfiɗaɗɗe mai faɗin mita ɗaya, wanda yaro mai keken guragu zai shigo ya tsaya cikin 'yan ajinsu ba a bayansu ba. Kada ku yi dakali ɗaya dogo da ya zagaye bishiya kamar zobe. Yana da kyau a hoto, amma rabin yaran sun juya wa malami baya, kuma saiwa za ta ɗaga shi ta tsaga. Ku ja baya daga gindi aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan kuna haƙa kuka ci karo da saiwa mai kaurin tsintsiyar hannu, ku matsar da dakalin, kada ku sare ta. Kada kuma a malale gindin bishiya da siminti, ta nan take shan ruwa.

Ga yadda ake gina ɗaya. A kafa turaku a ja igiya, a haƙa rami tsawon mita biyu da rabi, faɗin santimita 45, zurfin 12 zuwa 15, ko har a wuce ƙasa mai laushi. A yayyafa ruwa a daɓe ƙasan sosai. A zuba kankaren fandisho: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki shida na yashi, goma sha biyu na tsakuwa. A nan ne ake saita tsayi. Bulo da kwaɓin da ke ƙarƙashinsa suna ba da kusan santimita 25, murfin kankare na sama ya ƙara 7 da rabi, ka ga 32 da ɗoriya ke nan. Saboda haka a sahun gaba fandisho ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, a na tsakiya ya ɗago santimita 3, a na baya ya ɗago 6, da katako a gefe ya riƙe shi. Sai ka samu 32 da 35 da 38, na baya suna hango allo ta saman kan na gaba.

Washegari a jera bulo mai inci shida layi biyu kafaɗa da kafaɗa, biyar-biyar, da ɗan tsakani na santimita 5, faɗin duka ya zama 35. A cika ramukan bulon da tsakanin da burji, a daɓe da sanda. Wannan aikin ƙananan cikinsu ne, kuma suna jin daɗinsa. Sannan a ɗaura katako a kewaye a zuba murfi da kwaɓi mai ƙarfi: buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa ƙanana kwano takwas. Ruwa kaɗan-kaɗan. Yara suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi daɗin juyawa, kuma shi ne ke sa kankare ya yi rauni ya riƙa zubar da gari. Idan ka dunƙula shi a hannu mai safa ya tsaya bai zube ba, ya yi. A soka sanda a ko'ina don iska ta fita, a bubbuga katakon gefe. Saman a ɗan gangarar da shi baya da kamar rabin santimita don kada ruwa ya kwanta. Kafin ya ƙanƙame a bi duk gefuna da kusurwoyi a kashe kaifinsu su zama masu lanƙwasa, domin goshi da ƙwauri a nan suke fashewa. A ƙarshe a yaɓe jikin bulon da filasta.

Lissafina shi ne kowane dakali zai ci bulo 10 da siminti kusan buhu ɗaya da rabi. Guda shida ke nan bulo 60, ku sayi 70 saboda fashewa, siminti kuma buhu 10. Yashi da tsakuwa ba su kai a kira tifa ba, kura ko amalanke 'yan sawu sun isa. Ban ambaci farashi ba domin kasuwa ba ta tsayawa, yaran su je shago uku su tambayo su rubuta. Su gwada bulo kafin su saya: idan ka goga da babban yatsa yana zubowa, ko ka sake shi daga daidai gwiwa ya tarwatse, an yi masa rowar siminti. Ku nemi birkila ɗaya mai haƙuri, zai fi kyau idan uban ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar ne. Ku gaya masa tun farko cewa dakalin farko shi zai gina suna kallo, na biyu su gina tare, sauran huɗun ya tsaya da igiya da ma'auni yana gyara musu. Idan ya ce wannan ɓata lokaci ne, a nemi wani.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ban ruwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, siminti ne ke haɗuwa da ruwa a hankali, idan ruwan ya gudu da wuri haɗuwar ta tsaya a nan. Kwana bakwai cur, safe da yamma, a jiƙa shi, a lulluɓe da tsofaffin buhuna ko tabarma mai laima. A hunturu iska tana zuƙe ruwa cikin awa kaɗan, sai an ƙara da na rana. A rubuta sunayen masu ban ruwa na kowace rana a manna, shugaban aiki ya riƙa bi. Wannan mako ne za ka gane waɗanda aikin ya shiga ransu, domin ba taro, ba hoto, sai yaro da bokiti da sassafe. Saboda wannan ne ma na fi son a yi ginin a farkon hutu, don kada ɗalibai su hau kafin ya ƙosa. Hutun Disamba ya yi idan akwai rijiya ko famfo kusa. Idan ruwa na saye ne, dogon hutun damina ya fi, a tanadi leda a rufe sabon zubi idan hadari ya taso. Kada a sa aikin a azumi, ko a zafin Afrilu.

Maganar allo kuwa, ina roƙonka kada yara su gina bango mai tsayawa shi kaɗai. Bangon bulo mai tsayin mita biyu da ba abin da ya tokare shi, iskar farkon damina tana iya kayar da shi, kuma yara ne a gabansa. Idan akwai bangon aji ko katanga mai ƙarfi a inda ya dace, a yi filasta mai santsi a jikinsa a shafa baƙin fenti. Idan babu, mai walda ya kafa ƙarafa biyu a cikin kankare da ƙugiyoyi, a riƙa rataya allon katako da safe a mayar ofis idan an tashi. Ka kuma gaya wa hedimasta gaskiya: wannan aji na karatu ne da hadda da lissafin baki da labari da nazarin tsirrai. Rubutu mai yawa yana son tebur. Idan kuɗi ya ragu, kafinta ya yanka ƙananan alluna masu santimita 30 da 40, yara su riƙa ɗorawa a cinya.

Lafiyar yaran amana ce a wuyanka. Ka karɓi yardar iyaye a rubuce. Ko yaushe manya biyu su kasance a wurin, idan akwai 'yan mata a cikin ƙungiyar ɗaya ta zama mace. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, kuma ba a jin zafinsa nan take, sai da dare yatsu su tsattsage. Safar hannu ta roba da takalmi rufaffe dole ne, wanda ya zo da silifas aikin ɗebo ruwa ne nasa. Idan siminti ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci a kai asibiti. Mai zazzage buhu ya rufe hanci ya tsaya inda iska ba za ta maido masa gari ba. Buhu kilo 50 ne, a baro ake kai shi, ba a kan yaro ba. Injin yanka ko na gurza kowane iri na manya ne kaɗai, mai diga kuma a ba shi fili. Bulo da ya kwana a ƙasa a fara juya shi da ƙafa kafin a sa hannu. Katakon da aka ɓalle a cire ƙusoshinsa nan take. Akwatin agajin gaggawa da ruwan sha su riga kowa zuwa.

Kuɗi kuma a bi shi da tsoron Allah da takarda. Kada a tura yara yawon neman taimako a titi ko kasuwa, kada kuma a ɗora wa ɗaliban firamaren ko sisi, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun nan kyauta ne, kuma hedimasta kuke jefawa cikin matsala. Ya fi sauƙi a roƙi kaya a kan a roƙi kuɗi. Mai buga bulo zai iya ba da ashirin, mai shagon siminti buhu ɗaya, tsofaffin ɗaliban makarantar su haɗa sauran. Yaran su je da kayan sikawut ɗinsu, da zanensu, da takardar izini, kai kana bayansu, amma su za su yi bayani. Duk abin da ya shigo a rubuta, duk abin da ya fita a karɓi rasit, mutum biyu su sa hannu. Abin da ya ragu na makaranta ne. Idan wani mai neman kujera ya ce zai biya duka a rubuta sunansa a jiki, ku yi masa godiya ku ce sadaka ba ta buƙatar fenti. In ya bayar a haka, madalla.

Ranar miƙawa a taru kaɗan, shugaban aiki ya karanta lissafin kuɗin a gaban kwamitin makaranta da mai unguwa, ya miƙa wa hedimasta zanen da ragowar kaya. A nan ne za a tsayar da wanda zai riƙa kula da wurin, wane aji ne ke shara, kuma maigadi da mai unguwa su san cewa wuri mai daɗin zama yana jawo masu hira da dare da awaki da rana. Idan kuna so aikin ya shiga lissafin 'yan sikawut na duniya, akwai shirin Messengers of Peace da aka ƙaddamar a 2011 da goyon bayan Sarki Abdullah na Saudiyya da Sarkin Suwidin, inda ƙungiyoyi ke rubuta ayyukan taimakon da suka yi. Shugabanninku na jiha za su nuna muku hanya.

Bayan damina ta farko su koma da littafinsu. Su duba ko ruwa ya zaizaye gindin wani dakali, a cike da burji a daɓe. Tsaga siririya kamar gashi a jikin filasta ba komai ba ce. Wadda tsinken ashana ke shiga, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, alamar saiwa ce ko ƙasa ta zauna, a kira birkila ya gani. Su kuma tambayi malaman sau nawa ake amfani da wurin a mako, da wane lokaci rana ke korarsu. Idan amsar ita ce sha ɗaya da rabi, to aikinsu na gaba ya fito: dashen darbejiya biyu ko uku a kudu da yammacin wurin, nesa da dakalan da kamar mita huɗu, kowace da shingen ƙaya saboda awaki, da jadawalin ban ruwa har ta kama.